Daga Zariya zuwa Ikko da katin ƙungiya a aljihu

Motar dare na hau daga Zariya. Muka bi ta Kaduna da Mokwa, muka haye gadar Jebba, gari ya waye mana a wajen Ilori. Ba mu shiga Ikko ba sai bayan la'asar. A Agege na sauka, gidan kawuna mai fataucin goro, inda Hausa ke tashi ta ko'ina har mutum ya manta a ƙasar Yarabawa yake.

Bayan mun ci tuwo ya dube ni ya ce, "Ɗana, duk wannan doguwar hanya don taron masu jera littattafai?"

Na ce, "Kawu, ku ma ai kuna da ƙungiyarku ta 'yan goro. In kaya suka maƙale a hanya, wa kuke kira?" Ya yi dariya, ya ce in kwanta da wuri don motocin Yaba tun asuba suke cika.

Horo ne na Ƙungiyar Ma'aikatan Laburare ta Najeriya, wato NLA, ya kai ni. An kafa ta a 1962, ta fito ne daga ƙungiyar Afirka ta Yamma da aka kafa a 1954, bayan taron da UNESCO ta shirya a Ibadan a 1953. A zauren na ga ma'aikatan jami'o'i da na bankuna da na makarantun firamare, duk kujera ɗaya, ba wanda ya tambayi wani matakin albashinsa.

Ni kaɗai ne ma'aikacin laburare a sakandaren da nake aiki. Wanda bai taɓa zama haka ba ba zai san nauyinsa ba. Gara ta shiga kantar littattafai, ba mai ba ka shawara. Shugaba ya ce zai mai da ɗakin karatu aji, ba mai taya ka magana. Rajista da hukumar yi wa ma'aikatan laburare rajista, wato LRCN, wadda doka ta kafa a 1995, wajibi ce, ita ke ba ka izinin aiki. Amma takardar izini ba ta ɗaga waya in ka kira. Abokan sana'a ke ɗagawa.

A wurin horon na haɗu da wata baiwar Allah 'yar Katsina, haihuwar unguwar Idi-Araba a Ikko, tana kula da laburaren wata makaranta. Na ce, "Malama, yaya kuke yi da rajistar aro? Ni har yanzu da biro nake fama." Nan take ta buɗe kwamfutarta ta nuna mini Koha, manhajar kula da laburare da ba a biyan kuɗin lasisinta, ta koya mini shigar da littafi da sunan mai aro. Ita kuma damuwarta danshin Ikko ne, da ke sa tsofaffin takardun ajami na kakanta yin fumfuna. Wannan kam na san hannun da zan miƙa ta, domin a Zariya muna da masu aikin adana irin waɗannan rubuce-rubuce. Na ba ta lambar wani abokina, kafin a tashi har sun yi magana.

Kuɗin shekara da ake biyan ƙungiyar ya kan yi wa ƙaramin ma'aikaci nauyi, ban musa ba. Amma abin da na koya a wannan zama, da wurin ɗan kwangila na je, da albashin wata bai ishe ni ba.

Da zan dawo na hau jirgin ƙasa daga Ebute Metta zuwa Ibadan. Tun kafin mu wuce Abeokuta an saka ni a zauren WhatsApp na masu Koha, har wani daga Ikorodu ya turo mini matakan girka ta a tsohuwar kwamfutar makarantarmu.