Kuskuren da na yi a yaƙi da ɓeraye

Ƙannena, a shekarar da na fara riƙe gida na kaina ɓeraye suka addabe ni, kuma abin da na aikata a lokacin har yau yana ci mini rai. Guba na sayo na barbaɗa lungu-lungu. Irin gubar nan da ke hana jini daskarewa ba ta kashe ɓera nan take, sai ya yi kwanaki yana yawo a galabaice. A kwanakin ne kyanwar gidan ta riƙa kama waɗanda suka raunana tana ci. Ba a jima ba ta daina cin abinci, ta mutu a gabana. Wani ɓeran kuma ya shige cikin silin ya mace a can, muka yi makonni muna fama da wari. Kafin wata biyu ɓeraye sun dawo kamar ba a taɓa kashe ko ɗaya ba.

Sai daga baya na gane dalili. Cikin ɓera bai wuce kamar kwana 21 ba, 'ya'yan kuma cikin wata biyu zuwa uku sun isa haihuwa. Muddin akwai abinci da ruwa da maɓoya a gidanka, ka kashe goma, wasu za su cike gurbinsu.

Kuskurena na biyu bai ci rai ba, lokaci ya cinye mini. Na jiƙa auduga da man na'ana'a na ajiye a kusurwoyi, na sa na'urar nan mai ƙarar da aka ce tana korarsu. Kwana kaɗan suka ja da baya, ƙamshin na gushewa suka ci gaba da harkarsu. Ɓera mai jin yunwa yana sabawa da wari da ƙara.

Ranar da na fara samun sa'ida ita ce ranar da na ɗauki tocila da dare na zagaya gidan ina duba abin da ya kawo su. Na tarar da ragowar tsabar kaji a ƙasa, kwandon shara a buɗe, famfo yana ɗiga, tarin itace da tsofaffin buhuna jingine da bango, ciyawa ta yi tsayi a bayan ɗaki. Ni da hannuna na tanadar musu komai. Washegari na zuba hatsi da abincin dabbobi a durom mai murfi, na daina barin tsaba ta kwana a ƙasa, na gyara famfon, domin babban ɓera ba ya daɗewa ba tare da ruwa ba. Itacen na ɗora shi a kan dakali, na janye shi daga bango. Ciyawa na nome, rassan bishiyar da ke taɓa rufi na sare su, saboda akwai ɓeran da ta sama yake shigowa.

A wajen toshe ƙofofi ma na yi tuntuɓe. An ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to ɓera ya fi ƙadangare iya kutsawa. Ƙaramin ɓera na wucewa ta tsagar da ba ta fi kaurin fensir ba, wato kamar milimita 6, babban kuma ta ramin da ya ninka haka. Da farko tsumma da leda na cusa, gari na wayewa na tarar an tsattsage su. Haƙoran gaba na ɓera ba sa daina tsawo har ya mutu, shi ya sa yake gaigayar katako da roba. Abin da ya tsayar da su shi ne soson ƙarfe a cusa sosai a bi shi da siminti, ragar ƙarfe mai ƙananan idanu a bakin magudanar ruwa, da kwano a ƙasan ƙofa. Ku duba inda bututu da wayar lantarki ke ratsa bango, nan ne mutum ya fi mantawa.

Idan kun ga rami a tsakar gida ko gindin katanga, kada ku yi gaggawar liƙe shi. Ku cusa takarda a bakinsa da yamma. In da safe an ture ta, akwai mai shiga da fita, sai a fara da tarko. In ta kwana biyu ko uku ba a taɓa ta ba, a cika ramin da tsakuwa a danne.

Tarko kuwa yana da nasa ilimi, ni a tsakiyar fili na riƙa ɗana shi ina mamakin rashin kamu. Ɓera jikin bango yake bi, har yakan bar baƙin maiƙo a hanyarsa. A nan ake ajiye tarko, bakinsa na fuskantar bango. Babban ɓera yana tsoron sabon abu, don haka a bar tarkon da abinci ba a ɗana ba na dare biyu ko uku, sai ya saki jiki sannan a ɗana. A sa shi inda yaro ko kaza ba za su kai ba. Kyanwa tana taimakawa da ƙanana, amma ba kowace ke tunkarar manya ba. Mujiya kuwa in tana sauka a bishiyarku ku ƙyale ta, ɓeraye take farauta, kuma guba ita ma tana kashe ta kamar yadda ta kashe kyanwata.

Abu ɗaya da na daɗe ina yi cikin rashin sani shi ne share kashin ɓera a bushe da tsintsiya. Ƙurar da ke tashi na iya ɗauke da cuta, fitsarinsa ma haka. Ku sa safar hannu, ku jiƙa wurin da ruwan bilic, ku bari ya jima kaɗan, ku goge, ku ƙulle a leda tare da duk mushen da tarko ya kama, sannan ku wanke hannu da sabulu.