Kunnen ƙashi

Talata. Ana idar da sallar asuba muka fita, hazo ya rufe Kwangila a Zariya har mai Keke Napep na tafiya kamar mai lalube. Baba ya ƙudundune a bargo yana ta sosa ƙwaurinsa. Ƙaiƙayin nan ya fi wata biyu, duk ya zazzane fatarsa da farce.

Bayan an jona shi da injin wankin ƙoda na je na karɓo sakamakon gwajin jini. PTH ɗinsa, wato sinadarin da ke daidaita kalsiyam a jini, 870 ne. Mai lafiya ba ya wuce wajen 65, masu wankin ƙoda kuwa ana so su tsaya tsakanin ninki 2 zuwa 9 na wannan. Dattijon Soba da ke gadon kusa da mu, wanda suka fara wanki wata guda da Baba, nasa 310 ne. Da Baba ya ji sai ya ce, "To 'yar nan, ni me na ci wanda bai ci ba? Ga shi kullum ina shan hantsi."

Shan hantsin nan ya ba ni tausayi. Gaskiya ne rana na sa fata ta ƙera bitamin D, amma hanta sai ta taɓa shi, sannan ƙoda ta ƙarasa shi ya zama mai aiki. Wannan matakin na ƙarshe ne ya mutu a jikinsa. A bayan maƙogwaro akwai 'yan tsiraran ƙulli huɗu, paratayirod, kowanne bai fi ƙwayar shinkafa ba. Idan fosfet, sinadarin cikin abinci da ƙoda ke tacewa, ya taru a jini, kalsiyam ya yi ƙasa, sai su yi ta zubo PTH, shi kuma ya riƙa kwasar kalsiyam daga ƙashi kamar yadda gara ke cin azara. Daga waje gini lafiya lau.

Awa huɗun nan da nake zaune sai karatuna na jami'a a Samaru ya motsa. Maganin bitamin D da ake ba masu wankin ƙoda aikinsa ya ce wa ƙullin nan su lafa, amma sai da abin da zai karɓi saƙon a cikin ƙwayar jiki, wato VDR. Ni kunne nake kiransa. Ƙwayar gadon da ke gina shi tana kan kuromosom na 12, kuma ba iri ɗaya take a kowa ba. Bambance-bambancen da aka fi bibiya su ne BsmI, ApaI, TaqI da FokI. Shi FokI har tsawon furotin ɗin yake canzawa da amino asid uku, wato tubalan ginin furotin. Tun shekarun 1990 masu bincike a Sifen da Japan suka ga kamar masu wani nau'in BsmI sun fi samun sauƙin PTH. Waɗanda suka biyo baya, wasu sun ga hakan, wasu ba su gani ba. Na ce a raina ƙila dai Baba kunnen ƙashi ya gada, har a jini. Na yi dariya ni kaɗai, domin Inna ta shekara talatin tana faɗar haka.

Da likita ta zo zagaye na kawo mata zancen, da ɗan ji da kai, ba zan ɓoye ba. Ta saurare ni tsaf, sannan ta ce, "Sau nawa yake zuwa a mako?" Na ce sau ɗaya, in an samu kuɗi sau biyu. Sau uku ya kamata. Dattijon Soba ɗansa na biya masa ukun. Ta tambayi ƙwayar kalsiyam da ke kama fosfet a hanji, na ce da dare yake sha. Ta ce a tsakiyar cin abinci ake shan ta, in ba haka ba babu abin da za ta kama. Ta ƙara da cewa in ƙullin suka daɗe suna kumbura, VDR ɗin kansa raguwa yake, ko wane iri mutum ya gada.

Sai ta zo kan abubuwan da ke ƙara fosfet, su fura da nono, da ƙuli-ƙuli, da lemon kwalba baƙi. Na sunkuyar da kai. Ni nake sayo masa furar a Tudun Wada kullum da yamma, don ita kaɗai yake sha da marmari.

Da la'asar sakaliya mai nono ta yi sallama a zaure. Baba bai ce komai ba, ya dai bi ni da ido. Na ce mata yau a'a. Na dama masa kunun tsamiya, na ajiye ƙwayar a gefen kofin. Ya kurɓa sau biyu, ya haɗiye ta, ya juya fuska bango.