Mita ɗari na ƙarshe

Daren Asabar, ƙarfe ɗaya ta gota.

Kunnena na hagu har yanzu ƙara yake yi, wata siririyar ƙara kamar sauro ya maƙale a ciki. Auta ya yi barci da takalminsa a ƙafa. Ni barci ya ƙi zuwa, to bari in rubuta tun abin yana da ɗuminsa.

Biyar saura muka bar gida. Tafiyar kilomita 640 ce, a lissafin direba awa tara. Wata uku ke nan da na sayi tikiti biyu, tun ranar da aka ce tsohon mawaƙin da nake so zai yi zagayen wasanninsa na bankwana, kuma cikin garuruwan da zai tsaya nan ne mafi kusa da mu. Maƙwabcina da ya ji cewa ya yi, "Waƙar da ke cikin wayarka za ka bi har can?" Dariya kawai na yi masa.

Rabin farko na hanya babu abin faɗi, gyangyaɗi ne da ciwon wuya. Wajen sha ɗaya tayar baya ta fashe. Aka sauke safaya, ita ma ba iska. Awa biyu da minti ashirin muna bakin titi, yaron mota ya tafi neman mai faci, direba yana ta ce mana "yanzun nan". Auta, wanda sana'arsa haɗa kayan sauti ce kuma kansa cike yake da irin waɗannan labarai, ya zaɓi wannan lokacin ya ba ni labarin mawaƙin Birtaniya Phil Collins. Ranar 13 ga Yuli, 1985, a wasan Live Aid, mutumin ya yi wasa a filin Wembley da ke Landan, ya hau jirgin Concorde ya tsallake Tekun Atlantika cikin ƙasa da awa huɗu, ya sake hawa dandamali a Filadelfiya ta Amurka, duk a rana guda. Na ce, "Auta, in ba za ka kira mana jirgin ba, ka yi mini shiru."

A nan ne na duba wayata na ga caji ya koma kashi 11. Tikitinmu a cikinta yake, irin mai lambar nan da ke sauyawa bayan 'yan daƙiƙoƙi, wadda ko ka ɗauki hotonta ba za ta yi aiki a ƙofa ba. Fawa bank ɗina kuwa yana can kan tebur a gida, cike taf, inda na ajiye shi don kada in manta.

Wani dattijo da ke zaune a kan jakarsa ya ga ina juya waya, sai ya miƙo mini nasa ba tare da na roƙa ba. Da ya buɗe jakar na hango kaset a ciki, na tsohon mawaƙin namu. Murfin ya tsage an liƙe shi da salatif har sau biyu, hoton ya koɗe ya koma ruwan ƙasa, sunayen waƙoƙin kuma an sake bin su da biro.

"Baba, kai ma can za ka?"

"Can za ni, ɗana. Rabona da ganinsa shekara arba'in da ɗaya. Lokacin shi da ni duk muna da gashi."

Ya ce so yake a sa masa hannu a kan murfin. Ni da Auta muka kalli juna, ba wanda ya iya gaya masa yadda irin wannan taro yake yanzu, da shingaye da masu gadi. Ya ce in riƙe fawa bank ɗin har mu isa.

Shida ta wuce muka shiga gari. Tun kusan kilomita uku kafin filin motoci suka tsaya cak, sai muka bi sahun masu takawa da ƙafa. Auta ya so ya fara labarin bikin kiɗa na Woodstock da aka yi a Amurka a 1969, inda mutane wajen 400,000 suka toshe hanya har aka riƙa kai mawaƙa da jirgi mai saukar ungulu. Na ce ya adana numfashinsa. A layin bincike aka raba mu da Baba, tikitinsa na wata ƙofar ne. Kafin in tuna da abinsa da ke aljihuna, jama'a sun haɗiye shi.

Masu share fage sun riga sun sauka lokacin da muka shiga, kuma wurin da ya rage mana shi ne can ƙurya, jikin katangar baya. Daga nan mutanen da ke kan dandamali ba su fi tsawon ɗan yatsa ba. Aka kashe fitilu, ihu ya tashi, makaɗa suka fara, sai na ga wani abu da ya dame ni. A babban allo hannun mai ganga yana sauka, sai daga baya dukan ya iso kunnena. Bakin tsohon ya rufe, kalmar tana tafe. Ana cewa gani ya kori ji, to yau gani riga ji ya yi, ya bar shi a baya.

Auta ya sa baki a kunnena yana ihu. Sauti a iska mita 343 yake ci a daƙiƙa, haske kuwa nan take yake isowa. Mu muna wajen mita ɗari daga dandamali, ke nan duk abin da na gani sai bayan kusan sulusin daƙiƙa zan ji shi. Lasifikan da aka kafa a tsakiyar fili ma da gangan ake jinkirta su, don su jira sautin gaba ya iso su tafi tare, in ba haka ba waƙar za ta zama biyu a kunne. Bayanin ya gamsar da ni, amma bai rage mini haushi ba. Na ci kilomita 640, mita ɗari sun gagare ni, na ƙare da kallon talabijin a tsaye.

"Yaya, biyo ni," in ji Auta. Ya kama hannun rigata muka riƙa kutsawa, muna ba da haƙuri, ana harararmu, har muka kai bayan wata 'yar rumfa a tsakiyar jama'a inda mai sarrafa sauti yake. Ya ce nan ne kunnen filin gaba ɗaya, domin abin da mutumin nan yake ji shi yake gyarawa, don haka wanda ya tsaya kusa da shi ya fi kowa morewa. Gaskiyarsa. Ƙaramar jita da ban san tana cikin kiɗan ba sai ga ta fili. A gefen na'urar akwai ɗan allon auna ƙara yana nuna desibel 98, 99, 98. Auta ya ce a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙarar irin wannan taro ta wuce desibel 100 in an auna matsakaicinta na minti 15. Ya ba ni abin toshe kunne na soso guda biyu. Na hagu ya faɗi tun kafin in saka, aka tattake shi.

Maganar gaskiya, muryar ta tafi. Wanda ke cikin wayata ya fi wanda na gani yau iya waƙa. An sauke masa kiɗan ƙasa, wuraren da a da yake ɗaga murya har tsigar jiki ta tashi yanzu 'yan amshi yake bar wa. Bayan waƙa ta huɗu aka kawo masa kujera. Da ya ɗauki gorar ruwa, hannun rawa yake yi, makirufo kuma yana ɗauko numfashinsa.

Can wajen ƙarshe makaɗan suka shiga waƙar da na fi so, da saurin da aka san ta da shi. Sai ya ɗaga hannu. Kiɗa ya watse, ganga ta yi ɗaya ta tsaya. Ya juya ya ce musu, "Yara, a hankali. Ba gudu muke ba." Aka yi dariya. Suka sake ɗauka a hankali, ya riƙa jan kowane baiti yana tsayawa inda numfashi ya tsayar da shi. Akwai wata kalma a baiti na biyu da shekara ashirin nake rera ta ba daidai ba, yau na ji ta sarai. Waƙar minti huɗu ta kai goma sha ɗaya. Mutumin da ke gabana ya ɗauke ta duka a waya, hannunsa a sama, bai kalli dandamali ko sau ɗaya da idonsa ba. Ba zan yi masa gori ba, da ina da wadataccen caji wataƙila da ni ma hakan na yi.

Da ya gama aka riƙe shi aka sauka da shi. Muka yi ta tafi muna kiran ƙari, minti biyar ko fiye. Bai dawo ba. Aka kunna manyan fitilu, ma'aikata suka fara naɗe wayoyi.

Mun tsaya a ƙofar su Baba har jama'a suka yi sauƙi, ba mu gan shi ba. Ga fawa bank ɗinsa nan a gefen gado, na sa masa caji, fitila uku sun kama saura ɗaya. A hanya ya ce motar ƙarfe shida zai bi. Na saita agogo huɗu da rabi.