Wasiƙa daga Greensboro zuwa ga mutanen Tawa: wa ke biyan kuɗin yaƙin neman zaɓe?

Assalamu alaikum iyaye da 'yan'uwa na Tawa da ƙauyukan Adar. Ina gaishe ku daga Greensboro, garin da 'yan Nijar suka yi yawa a nan Amurka. Da fatan kuna lafiya, ku da iyali.

Akwai abin da na gani a nan wanda ya daɗe yana cin raina. A gida, idan lokacin zaɓe ya zo, ɗan takara ne ke shigowa gari da turamen atamfa mai hotonsa, da buhunan shinkafa, ya ajiye wa samarin fada kuɗin shayi. Mu karɓa, mu yi guɗa. Ba mu taɓa tsayawa mu tambayi inda dukiyar ta fito ba, alhali mun san wani babban ɗan kasuwa ne ya zuba ta, kuma ba sadaka ya yi ba. Ranar da aka ci zaɓe, shi ake fara buɗe wa ƙofa, kwangila ta bi shi gida.

A nan kuwa na ga talaka yana ba ɗan takara. Wata mata da muke aiki tare, mai goge-goge ce, ta nuna mini a salularta yadda take aika 'yan kuɗi kaɗan kowane wata ga wanda take so. Tun 2004 aka buɗe ActBlue, shafin intanet na tara wa 'yan takara gudummawa, don 'yan jam'iyyar Dimokurat, 'yan Rifablikan suka biyo da nasu mai suna WinRed a 2019. Obama ya tara wajen dalar Amurka miliyan 500 ta intanet a zaɓen 2008. Bernie Sanders kuma, da ya nemi takarar shugaban ƙasa a 2016, bai gaji da faɗa ba cewa dalar Amurka 27 ce matsakaiciyar gudummawar da ake ba shi. Abin da ya fi burge ni shi ne bakin matar nan: tana maganar ɗan majalisarta kamar mai bin sa bashi.

Kada ku ɗauka babu aibi. Da zarar ka bayar sau ɗaya, saƙonnin roƙo ba za su bar ka ka huta ba, kuma har gobe masu kuɗi suna da ƙarfi a siyasar ƙasar nan. Amma akwai doka. Wanda ya ba da fiye da dalar Amurka 200, sai an bayyana sunansa da aikinsa ga kowa. A Faransa ma an hana kamfanoni ba jam'iyyu ko sisi tun 1995.

Mu kayan aikin suna hannunmu. Wace tsohuwa ce a Illela ko Keita ba ta san Nita da Al Izza ba? Da su ɗan ci-rani ke aika kuɗin hatsi daga Abijan. Ga Airtel Money. Adashe kuwa gadonmu ne, kuma da jika-jika muka gina masallatai, muka haƙa rijiyoyi. Mutum dubu goma, kowa ya sa jika guda, miliyan goma ke nan na sefa, babu ubangidan da zai zo karɓar ladarsa.

Na san an rushe jam'iyyu a Nijar a watan Maris na 2025, yanzu babu mai neman ƙuri'a. Shi ya sa nake ganin lokacin magana ya yi, tun ba a kafa sababbi ba. Ina roƙon a sa wa gudummawa iyaka, a tilasta wa kowane ɗan takara buga lissafin abin da ya shigo masa, a kuma rufe sunan mai ƙaramar gudummawa, don kada malamin makaranta ya ba da jika biyu ya wayi gari an yi masa canjin wurin aiki zuwa bakin iyaka. Wannan na ƙarshe shi ya fi damuna, domin a garinmu kowa ya san kowa.

Ku tattauna wannan a fada da majalisun dattawa, ku aiko mini da abin da kuka gani. A gaishe da mutanen kasuwar Lahadi.

Ɗanku na Adar da ke Greensboro.