Garuruwan da suka fi kowa rola kosta, da wanda ni zan zaɓa

Jama'a barkanmu. Ni dai ba abin da ke ɗaukar min hankali kamar rola kosta, wannan jirgin lilon da ke bin layin ƙarfe ya lula sama ya sulmiyo ƙasa mutane na ta ihu. A nan Bauchi in aka ce wurin wasa, abin da ke zuwa ran mutum lilon yara ne ranar sallah, ko a cika mota a tafi Yankari a yi wanka a Wikki, alhali kuwa akwai garuruwan da da lilo suke ci suke sha, shi ne sana'ar garin.

Maganar gaskiya Orlando ce uwa ma ba da mama, a jihar Florida ta Amurka. Disney World tun 1971 aka buɗe ta, kuma ba fili ɗaya ba ne, manyan filaye huɗu ne a ciki, ga kamfanin Universal ya zo ya kafa nasa a 1990, ya ƙara Islands of Adventure a 1999, sannan a 2025 ya sake buɗe wani sabo fil mai suna Epic Universe. Ga SeaWorld, ga Busch Gardens a Tampa wanda tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce a mota. Abin da ya taimaki garin shi ne ba sa fama da ƙanƙara, don haka shekara zagaye ƙofa a buɗe take. Mutum sai ya yi sati biyu bai gama zagayawa ba, kuɗinsa ne dai za su riga shi ƙarewa.

Amma fa masu son tsoro na gaske, waɗanda ba ruwansu da ɗaukar hoto da 'yan katun, su Los Angeles suke yabo. Nan ne Disneyland ta farko take tun 1955, kuma a arewacin birnin akwai Six Flags Magic Mountain da ta yi suna wajen yawan rola kosta a fili ɗaya. Sai wani ɗan ƙaramin gari a jihar Ohio, Sandusky, inda Cedar Point take a bakin tafkin Erie tun 1870. Jirginsu Millennium Force na shekarar 2000 tsayinsa ya kai mita 94. Matsalar can sanyi ne, da hunturu ya shigo sai su rufe sai kuma bazara. Tokyo ma ba baya ba, tana da filayen Disney biyu, ga Fuji-Q a gindin dutsen Fuji.

To ni kam in aka ce in zaɓa wa ɗan Bauchi ko ɗan Gombe da iyalinsa, Abu Dhabi zan ce, kuma ba na ko shakka. Tsibirin Yas kaɗai ya ishe ka. Ferrari World tana nan tun 2010, a cikinta ne jirgin Formula Rossa yake, wanda ya shafe shekaru yana riƙe da kambun gudu a duniya, kilomita 240 a awa, kuma cikin daƙiƙa biyar yake kai wannan gudun. Ka tuna direban da ke taka 120 a hanyar Bauchi zuwa Gombe har fasinjoji na cewa malam a yi a hankali, to ninka shi biyu, kuma ba gilashi a gabanka, shi ya sa dole sai an ba ka tabarau ka saka saboda iska da ƙura kar su yi wa ido illa. Yawancin rola kosta fa ba su da inji a jikinsu, sarƙa ce ke jan su zuwa ƙololuwa sai a sake su nauyinsu ya yi sauran aikin, amma shi wannan harba shi ake yi daga ƙasa tun farkon tashi. Wallahi ƙirjinka sai ka ji kamar an danne shi.

Kusa da nan akwai Warner Bros. World da aka buɗe 2018, gaba ɗayanta a rufe take da esi, ga Yas Waterworld ga SeaWorld tasu ta 2023, duk a tsibiri ɗaya, sannan a 2025 Disney ma ta sanar za ta kafa fili a wurin. In ka gaji da nan, Dubai tafiyar kamar awa ɗaya ce, can ma akwai IMG Worlds da Motiongate da Legoland don ƙananan yara.

Sai dai ba gudun jirgi kaɗai ya sa na zaɓe ta ba. Lokacin sallah ya yi akwai ɗakin sallah a cikin filin, ba sai ka nemi lungu ka shimfiɗa darduma ana kallonka ba. Abinci ba sai ka tsaya tambayar ko halal ne ba. Matarka ko ƙanwarka da hijabinta ba wanda zai ɗaga ido ya kalle ta. Wannan kwanciyar hankalin babba ne ga mai tafiya da iyali, kuma tafiyar ba ta kai nisan ta Amurka ba. Biza ce dai sai an yi da gaske, ita ma ba wasa ba ce yanzu.

Saudiyya ma ta shigo da ƙarfinta, a Qiddiya kusa da Riyadh sun gina jirgin Falcons Flight wanda aka ƙera don ya yi kilomita 250 a awa, wato ya wuce na Abu Dhabi. Masu zuwa umara nan gaba za su fara ƙara kwana a Riyadh, ku rubuta ku ajiye. A Afirka kuwa Johannesburg ce ke da abin nunawa, Gold Reef City da aka gina a kan tsohuwar mahaƙar zinare.

Wanda Allah ya hore masa zai je Abu Dhabi, ya nufi tsakanin Nuwamba da Maris, don zafin bazararsu ya fi namu na watan Afrilu kuma Formula Rossa a waje yake gudu. A kuma auna tsayin yara tun daga gida, kowane jirgi da iyakar tsayin da ake bari a hau, kar a je yaro ya sha layi a hana shi a bakin ƙofa ya yi ta kuka.