Awa 20 a mako: hirarmu da ƙanena kan aikin ɗalibi a jami'ar Amurka

Ranar da bizar ƙanena ta fito ya kira ni, murna ta hana shi magana sosai. Da ya natsu sai ya ce, "Yaya, an ce min da na isa zan samu aiki a cikin makaranta, in riƙa biyan ragowar kuɗin karatuna." Na ɗan yi shiru, domin ni ma da wannan lissafin na sauka daga jirgi shekarun baya, kuma na san yadda ya rushe min cikin mako guda.

A makona na farko na zauna gaban kwamfuta ina duba ayyukan da jami'ar ta tallata wa ɗalibai. Duk wanda ya kwanta min a rai, na laburare ko na ofishin sashe, sai in ga an rubuta cewa na masu Federal Work-Study ne kaɗai, wato shirin tallafa wa ɗalibai ta hanyar ba su aiki. Na ɗauki ƙafa har ofishin tallafin ɗalibai don a saka sunana. Matar da ke wurin ta duba takarduna, ta ga I-20, takardar da makaranta ke ba ɗalibi baƙo, ta miƙo min cikin mutunci, ta ce mai bizar karatu ta F-1 ba shi da rabo a shirin.

Sai daga baya na gane dalili. Shirin na gwamnatin tarayya ne, an kafa shi a 1964 zamanin Shugaba Lyndon Johnson, cikin yaƙin da ya ɗaura da talauci. Ɗalibi zai cike fom ɗin neman tallafin karatu mai suna FAFSA, a auna ƙarfin gidansu, in an ga yana da buƙata a ware masa wani adadi. 'Yan ƙasa da masu takardar zama ta dindindin su ne akasarin masu cin gajiyarsa. Gwamnati ce ke ɗaukar kaso mafi tsoka na albashin, galibi kashi 75 cikin 100, don haka sashen da ya ɗauki irin wannan ɗalibin kwata kawai yake fitarwa daga aljihunsa. Wannan ne ya sa kujerun da ke da sanyi suke tafiya gare su. Su ma ba a hannu ake damƙa musu kuɗin ba. Sai mutum ya nemo aikin da kansa, ya yi awanninsa, a biya shi albashi, kuma ranar da adadin ya ƙare, shi ke nan.

Mu baƙi abin da ya rage mana shi ne ayyukan da jami'a ke biya da kuɗinta. Inda ba a taɓa rasa gurbi shi ne ɗakin cin abinci, can kuwa na dosa. Aka ba ni takardar ɗauka, ofishin ɗalibai baƙi suka ba ni wasiƙa, na haɗa da fasfo na je na nemi lambar Social Security, wadda gwamnati ke bayarwa don aiki da haraji, na cike I-9, fom ɗin tabbatar da izinin aiki. Aka tura ni wurin wanke-wanke.

Har yau ina jin ƙarar injin nan a kunnena. Farantai na shigowa a kan bel ba tsayawa, ka kwashe ragowar abinci, ka fesa ruwan zafi, ka jera, ka tura. Tururi ya cika ɗakin, hular raga a kai, rigar roba har gwiwa, takalmi mai hana santsi. Da ƙarfe 6 na yamma, lokacin da ɗalibai ke tururuwa, ko ɗaga kai ba ka isa ka yi ba. Abin da ya fi ci min rai ba gajiyar ba ce, yawan abincin da nake zubarwa ne, wani farantin ko taɓa shi ba a yi ba. Manajarmu dattijuwa ce mai kaifin ido. Da ta lura ina yawan kallon agogo wajen faɗuwar rana, ta tambaye ni, na ce salla ce. Tun daga ranar ta daidaita hutuna da magariba, ban sake roƙo ba.

Daga nan na kawo wa ƙanena lissafi. Dokar F-1 ta yarda ka yi aiki a harabar makaranta awa 20 a mako muddin ana karatu, in an yi hutu ka iya yin cikakken lokaci. Awa 20 ɗin nan jimla ce, ko ayyuka uku kake yi. Mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa, bai motsa ba tun Yulin 2009, ko da yake jihohi da yawa sun ɗaga nasu. A kan wannan ƙa'idar, mako guda dala 145 ke nan kafin haraji. Ina wannan, ina kuɗin karatun da ke kai dubban daloli kowane zango? Zai sayi littafi, da katin waya, da rigar sanyi, ya raba ka da kiran gida kowane wata. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne.

Inda na fi ja masa kunne shi ne aikin waje. Za a samu mai raɗa masa cewa akwai gidan mai ko kantin da ke biya a hannu, ba wanda zai sani. Na ce masa kada ya kuskura. Aiki a wajen makaranta ba da izini ba na iya sa a soke rajistarsa a SEVIS, kundin da gwamnati ke ajiye bayanan ɗalibai baƙi, karatun da aka sha wahala a kai ya tsaya cak. Akwai hanyoyin halal, CPT da OPT, wato izinin aikin samun ƙwarewa a wajen makaranta, amma galibi sai mutum ya cika shekara guda yana karatu, kuma aikin ya dace da fanninsa. Na kuma tuna masa cewa a shekaru 5 na farko ba a cirar masa harajin Social Security da Medicare, wato na fansho da na inshorar lafiyar tsofaffi, don haka ya riƙa duba takardar albashinsa, kuma ya shigar da takardun haraji kafin 15 ga Afrilu.

Shekara guda na yi a wanke-wanke. Da gurbi ya buɗe a laburare wanda ba na shirin gwamnati ba, dattijuwar nan ce ta ɗaga waya ta shaide ni, ta ce ban taɓa makara ba. Malamaina sun san makina, ita kuwa ta san halina a lokacin da na gaji.

Ƙanena ya ce, "To Yaya, ta ina zan fara?" Na ce ranar da ya karɓi katin ɗalibi, kafin ma a shiga aji, ya je ofishin ɗalibai baƙi ya ji ƙa'ida daga bakinsu, daga nan ya wuce ɗakin cin abinci ya nemi manaja ido da ido. Na ce ya fara da awa 10 ko 12 har ya ga nauyin darussansa. Ya ce zai sayi takalmin da ba ya santsi tun kafin ya taso.