Kafin yatsu su haddace, ku duba wa ya shirya takardar

Ƙannena masu koyon fiyano, akwai kuskuren da na yi wanda har yau in na tuna sai raina ya sosu, ba na so ku ma ku faɗa ciki. Lokacin da na fara kiɗan Bach, mawallafin kiɗa Bajamushe, gadan-gadan na shiga IMSLP, shafin intanet na takardun kiɗa, na sauke takardar farko da na gani, ban duba sunan edita ba ban duba shekara ba, ni dai na ga sunan Bach a sama shikenan na buga na ɗora kan fiyano. Prelude ɗin farko ne, wato kiɗan buɗewa, na littafin da Bach ya haɗa a 1722, mai lamba BWV 846 a kundin kiɗe-kiɗensa. Na yi wata da watanni ina maimaitawa har ko ido a rufe ina kaɗa shi.

Ranar da na kaɗa wa malamina, na ɗan wuce tsakiya kenan sai ya ɗaga hannu ya ce tsaya, ƙirga min gaɓoɓin, wato ƙananan sassan da ake raba kiɗa a takarda da layukan tsaye. Na bi da yatsa ɗaya bayan ɗaya, 36. Ya buɗe nasa littafin, 35. Ashe tsakanin gaɓa ta 22 da ta 23 akwai wata guda da ba Bach ya rubuta ba, ana danganta ta da wani Schwencke na Hamburg, ta shiga bugun da makaɗin fiyano Czerny ya shirya a 1837 kuma daga nan aka yi ta kwafa. Ba ita kaɗai ba ma, alamomin nan na ƙara sauti a nan, sassauta a can, da saurin da aka rubuta a sama, duk na Czerny ne, ni kuwa ina bin su sau da ƙafa a zatona umarnin Bach ne. Wallahi cire gaɓar nan daga hannuna ya fi koyon ta wahala nesa ba kusa ba.

Don haka ku nemi bugun da ake kira urtext, irin na kamfanonin buga kiɗa Henle ko Bärenreiter ko Wiener Urtext, su suna komawa ga rubutun hannu ne da bugun farko, abin da edita ya ƙara kuma sai su yi masa alama. Ku karanta bayanan ƙarshen littafin fa, ni shekaru na yi ina tsallake su. Ba wai na Czerny ba shi da amfani ba ne, ɗalibin Beethoven ne ai, zai nuna muku yadda mutanen zamaninsa ke jin Bach, amma ku san muryar wa kuke ji. Kuma urtext ɗin ma ba ya raba gardama kullum, Chopin yakan fitar da kiɗa ɗaya a Faransa da Jamus da Ingila kuma bugun ba sa zama iri ɗaya, dole edita ya zaɓa.

Sai lambobi, ku saba da su tun yanzu. BWV na Bach wanda Schmieder ya tsara a 1950, K na Mozart daga kundin Köchel na 1862, da su za ku samu ainihin kiɗan da kuke nema ku kuma bi shi cikin ƙamus ɗin kiɗa na Grove. Yanzu duk takardar da zan fara sai na rubuta sunan edita da shekara da fensir a saman shafin farko, amma har yau in na iso gaɓa ta 22 hannuna na hagu sai ya ɗan yi jinkiri.